Yadda Na Cika Sharuɗɗan Digirin Kwamfuta a Jami'ar Covenant

Tun da na gama karatu, iyaye a unguwarmu ta Wusasa ba su daina turo mini 'ya'yansu ba, kuma tambayar ba ta wuce guda biyu: nawa ne kuɗin makaranta, sannan da gaske ne ba a barin ɗalibi ya riƙe waya? Tambayoyi ne masu ma'ana, amma ba su ne ke sada yaro da digiri ko su raba shi da shi ba. Abin da ke yin wannan shi ne sharuɗɗan kammala karatun, kuma da wuya ka ji wani ya tambaya a kansu. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda na bi ta cikinsu, tun daga ƙofar shiga har ranar da aka sallame mu.

Jami'ar Covenant tana garin Ota a jihar Ogun, a kan titin Idiroko, cikin harabar da ake kira Canaanland. Cocin Living Faith, wadda aka fi sani da Winners, ita ta kafa ta, aka fara karatu a 2002, kuma Bishop David Oyedepo ne uban jami'ar. Cocin ba baƙuwa ba ce ga mutanen jiharmu, domin a Kaduna ta yi ƙuruciyarta a shekarun 1980 kafin hedikwatarta ta koma kudu. Amma mu a gida 'yan Anglikan ne, ga kuma jami'a a Samaru kusa da mu. Abin da ya kai ni Ota shi ne yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati na 2013, wanda ya zaunar da Yayana a gida wata da watanni. Baba ya riƙe wannan a ransa. Da lokacina ya zo sai ya ce, "Ko gona zan sayar, ina so in san ranar da za ki shiga da ranar da za ki fito." Mama kuwa nisan wurin ne damuwarta, kuma ba ta ɓoye ba.

Matakin farko iri ɗaya ne da na kowace jami'a a Najeriya. Sai kana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fizik. A jarrabawar JAMB na rubuta Turanci, lissafi, fizik da kemistiri. Bayan haka jami'ar tana da tata tantancewar, wadda ake kira CUSAS. Duk wanda lissafinsa ke rawa a sakandare, ina roƙonsa ya tsaya ya gyara tun a wannan gaɓar, don abin da ke gaba bai san sassauci ba.

Sashenmu shi ne na kimiyyar kwamfuta da bayanai, a ƙarƙashin kwalejin kimiyya da fasaha, kuma digiri biyu ake yi a cikinsa. Ɗaya kimiyyar kwamfuta ce zalla, ɗayan kuma MIS, wato tsarin sarrafa bayanai don gudanar da ma'aikata. Muna haɗuwa a kwasa-kwasai da dama, amma 'yan MIS sun fi mu shiga lissafin kuɗi da tattalin arziki da harkar gudanarwa, mu kuma mun fi su nitsewa cikin lissafi da abin da ke faruwa a cikin na'urar kanta. Na zaɓi kimiyyar kwamfuta. Karatun shekara 4 ne, zango 8, kuma a can zangon farko na kowace shekara sunansa Alpha, na biyu Omega.

A makon farko malamin da aka ɗora wa kula da ajinmu ya tara mu, ya ɗaga littafin sashe, ya ce duk wanda bai karanta shi ba ya shiga tafiya ba tare da ya san inda za a sauka ba. Na ɗauki maganarsa da gaske. A daren na zauna da biro na bi jerin kwasa-kwasan shekara huɗu ɗaya bayan ɗaya, na kwafe su a bayan littafin rubutuna, ina barin fili a gefen kowanne don in sa alama idan na ci shi. Wannan takardar ta bi ni har aji huɗu.

Ga abin da na fahimta daga ciki. Kowane kwas yana da nauyi da ake kira yunit, wani 1, wani 2, wani 3, gwargwadon sa'o'in da ake zama a kansa a mako. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sa iyaka cewa ɗalibi ba zai ɗauki ƙasa da yunit 15 ko sama da 24 a zango ɗaya ba. Kwasa-kwasan kuma kashi-kashi ne: akwai na dole a sashe, akwai na zaɓi, akwai na GST da kowane ɗalibin jami'a a ƙasar nan ke yi, kamar amfani da Turanci da sanin al'ummomin Najeriya da zaman lafiya da sasanta rikici, sannan akwai waɗanda jami'ar ce da kanta ta wajabta. Ba za a ba ka digiri ba sai ka ci kowane kwas na dole daga dukkan waɗannan rukunan. Ba wai ka tara maki mai yawa a wani ya rufe maka ramin wani ba.

Shekarar farko ta karya wa wasu gwiwa. Yawancinmu mun zo da burin nan da nan mu fara ƙirƙirar manhajar waya, sai muka tarar da aljebra, kalkulas, kididdiga da fizik, har da zama a ɗakin gwaji ana auna lilon ƙarfe da agogo. Na kwamfutar kaɗan ne, kuma shi ma yawanci a takarda ake yinsa: a ba ka matsala, a ce ka tsara matakan warware ta da zane kafin ka taɓa madannai. A lokacin wasu na ganin ɓata lokaci ne. Ni dai sai a aji biyu na ga amfaninsa ƙiri-ƙiri, lokacin da muka shiga lissafin da ya shafi hujja da rukunai da zane-zanen alaƙa, na ga cewa wanda ya iya tsara tunaninsa a takarda shi ne ke rubuta manhajar da ke aiki.

Inda nake so in daɗe shi ne kwasa-kwasan da jami'ar ta ƙara da kanta, domin nan ne jami'ar Kirista ta bambanta da saura, kuma nan ne na ga mutane sun fi yin sakaci. Akwai TMC, wanda manufarsa gina mutum gaba ɗayansa: ruhu, tunani da jiki. Ana koyar da sanin kai, tsara rayuwa, riƙon amana da shugabanci, duk a kan koyarwar Littafi Mai Tsarki, kuma yana da ɓangaren motsa jiki da ake fita gudu da sassafe. Akwai kuma EDS, na koyon dogaro da kai da kafa sana'a, wanda daga baya ake haɗa shi da aikin hannu. Waɗannan biyun ba a shekara ɗaya ake yinsu a huta ba. Suna bin ka daga aji ɗaya har aji huɗu. Nauyin kowanne ba shi da yawa, shi ya sa ɗalibin da ke fama da kalkulas yakan ce bari ya bar su sai daren jarrabawa. Amma ƙaramin kwas ɗin nan idan ka faɗi shi, zai tare maka hanyar fita daidai yadda babban zai tare.

Sai kuma sujada. Halartar sujadar ɗalibai a tsakiyar mako da ta Lahadi wajibi ce, kuma ana ɗaukar sunan wanda ya zo. Dokar ba ta ware kowa ba. Ni da na taso da littafin addu'a da waƙoƙin coci na Hausa da ake rerawa a natse, salon sujadar ya zo mini daban ƙwarai: kaɗe-kaɗe masu ƙarfi, kowa na addu'a da babbar murya a lokaci guda. Na yi watanni kafin in sake jiki. Wata rana na faɗa wa Mama haka, sai ta ce, "Ke dai ki je da zuciya ɗaya. Ubangijin da kika bari a Wusasa shi ne a can." Da wannan na zauna, kuma a cikin waɗannan sujadun na samu ƙarfin da ya ɗauke ni a zangunan da suka fi tsanani. Ina faɗin wannan ne don maƙwabtanmu Musulmi da ma Kiristoci na wasu ɗariku sukan tambaye ni ko za a iya zuwa a yi karatun kwamfutar kawai a bar sauran. Amsata ita ce a'a. Ranar da ka sa hannu a takardar shiga, ka sa wa duka biyun ne, kuma ya kamata yaro da iyayensa su zauna su karanta dokokin su amince tun kafin a biya ko kwabo.

Sauran dokokin zaman makaranta sun shahara, ba sai na ja su ba. Kowa a ɗakin kwanan makaranta yake zama, mata a gidaje irin su Esther da Mary da Deborah, maza a irin su Peter da Paul da Daniel. Shigar ofis ake yi zuwa aji, maza har da nakatayi. Ba a fita harabar sai da takardar izini, ba a riƙe waya, amma ana amfani da laftof, wanda ga ɗan sashenmu shi ne fartanyarsa. Abin lura kawai shi ne cewa waɗannan dokokin suna da alaƙa da digirin kai tsaye, domin wanda aka dakatar saboda karya doka ya rasa zango, kuma wanda ya rasa zango ya rasa jerin kwasa-kwasan da ke biye da juna.

Wannan biyewar ita ce wani abu da ba a cika bayyana wa sabon ɗalibi ba. Wasu kwasa-kwasan ƙofa ne ga wasu. Wata 'yar ɗakinmu, yarinya mai ƙoƙari, ta kwanta rashin lafiya ana dab da jarrabawa a aji biyu, ta faɗi kwas ɗin farko na rubuta manhaja. Kwas ɗaya ne, amma akwai wasu a gaba da suka dogara da shi, kuma ba kowane zango ake koyar da shi ba. Dole ta jira ya sake zagayowa, ta ɗauke shi a matsayin kari-oba a kan nauyin sabuwar shekara, ga kuma iyakar yunit da ba za ta tsallake ba. Mun zauna tare da malamin ajinmu muna lissafin abin da za ta ɗauka da abin da za ta jinkirta. Ta gama, kuma da sakamako mai kyau, amma ta sha wuyar da har yanzu nake tunawa. Daga lokacin, duk kwas ɗin da na ga wani ya jingina da shi nakan zagaye shi da jan biro in ba shi lokaci na musamman.

Lissafin sakamakon kuma abu ne da ya kamata ɗalibi ya iya da kansa. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, mai maki 5. B tana da 4, C tana da 3, D tana da 2, F kuwa ba ta da komai. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Idan ka samu A a kwas mai yunit 3 ka tara 15, idan C ka samu ka tara 9. Abin da ya fito bayan an haɗa dukkan zangunan shi ne CGPA. Daga 4.50 zuwa 5.00 digiri ne mai daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama. Da yake kowace shekara ana ƙara yunit a kan na baya, gyaran CGPA yana ƙara wuya yadda ake tafiya. Abin da ka samu a aji ɗaya yana nan tare da kai har ranar ƙarshe.

Aji biyu da farkon aji uku su ne tsakiyar karatun. Nan muka koyi rubuta manhaja da gaske, muka shiga tsarin ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura, da yadda ake auna saurin algoridim, wato matakan warware matsala, da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da rumbun bayanai, da nazarin tsarin aiki kafin a ƙera masa manhaja. Na ƙarshen nan shi na fi so. Yana koya maka ka je wurin mutanen da za su yi amfani da abin, ka zauna ka saurara, ka gane yadda takarda ke tashi daga wannan tebur zuwa wancan, kafin ka rubuta layi ko ɗaya.

Sai SIWES, wato wata 6 na koyon aiki a ma'aikata, wanda muka yi a zango na biyu na aji uku. Hukumar ITF ta horas da ma'aikata, mai hedikwata a Jos, ita ta ƙirƙiro shirin a 1973, kuma ba hutu ba ne: kwas ne mai nauyin yunit da ke shiga CGPA. Ɗalibi shi ke neman wurin da zai yi, ya kai takarda daga makaranta. Na samu wani ƙaramin kamfani a Kaduna da ke haɗa wa asibitoci da makarantu kwamfutoci yana kuma kula musu da manhaja. Ana ba ka littafin rubuta aikin kowace rana, shugabanka a wurin aiki ya sa hannu, malami ya zo daga makaranta ya duba ka, idan ka koma kuma ka rubuta rahoto ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Nakan cika littafin a ranar da na yi aikin, domin abin da ka gyara ranar Talata ba za ka tuna shi daidai ranar Juma'a ba, kuma malaman da ke tambaya sun san bambancin wanda ya yi da wanda ya ƙirƙira.

A can na samu abin da ya zama aikin bincikena na ƙarshe. An tura ni wani ƙaramin asibiti in gyara musu firinta, sai na tarar da ma'aikaciyar jinya da katon littafi tana bin sunayen matan da ya kamata su dawo da jariransu rigakafi. Na tambaye ta, "Anti, idan uwa ba ta zo ba yaya kike sani?" Ta ce, "'Yata, sai na buɗe shafi-shafi. Wata kuma sai an wuce lokaci nake ganewa." Da na koma aji huɗu na kai wa malamin da ke duba aikina shawarar in ƙera manhajar da za ta riƙe ranakun, ta kuma tura wa uwa saƙon tunatarwa a waya da Hausa. Ya amince, da sharaɗin in nuna a rubuce dalilin kowane zaɓi da na yi.

Aikin ya ci zango biyu, kuma shi ne kwas mafi nauyi a shekarar. Babi biyar ne: gabatarwa, bitar abin da wasu suka yi, tsarin da na zana, yadda na gina shi na gwada, sai sakamako. Inda ya fi ba ni aiki ba inda na zata ba ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai da na saita rumbun bayanan a kan tsarin ajiye haruffa na UTF-8 kafin su daina fitowa a matsayin alamar tambaya. Da na wuce wannan sai na ci karo da wani: saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga, sai saƙon ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, wato kuɗin turawa ya ninka. Ƙaramin asibiti ba zai iya ɗaukar wannan ba. Na zauna na sake rubuta saƙonnin a taƙaice, na kuma sa wa manhajar zaɓi biyu, ko a tura da cikakkun haruffa ko da na boko marasa lanƙwasa, tana nuna wa ma'aikaciya kuɗin kowanne kafin ta danna. Ranar kare aikin, a kan wannan gaɓar malaman suka fi tsayawa, ɗaya daga cikinsu ya sa na buɗe manhajar na tura saƙo a gabansu.

Ana cikin wannan kuma sauran kwasa-kwasan aji huɗu na tafiya, irin su ƙirƙirarriyar basira da injiniyancin manhaja da sadarwar kwamfutoci, ga TMC da EDS na ƙarshe. Bayan jarrabawa akwai shirin TTG da ake yi wa masu fita, na shirya su ga rayuwar bayan makaranta, shi ma sai an halarta. Daga nan sai kiliyarans: sashe ya tabbatar babu kwas ɗin da ya rage maka, laburare ya tabbatar babu littafinsa a hannunka, ofishin kuɗi da na kula da ɗalibai da gidan kwana kowa ya sa hannu. A sashe na fito da tsohuwar takardata ta aji ɗaya na gwada da tasu, layi bayan layi, suka yi daidai. Majalisar malaman jami'a ta amince da sakamako, sannan aka sa sunana cikin waɗanda za a yaye. Na fita da daraja ta biyu babba. Baba da Mama sun yi doguwar tafiyar nan daga Zariya don bikin, wanda a can ake kira sakin gaggafa.

Abu ɗaya ya canza bayan fitata wanda masu zuwa yanzu ya kamata su sani. A Disambar 2022 hukumar NUC ta fito da sabon tsarin manhajar karatu mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin BMAS da muka yi karatu a ƙarƙashinsa. A sabon tsarin hukumar ce ke tsara kashi 70 na abin da za a koyar, jami'a ta cika kashi 30 da kanta, kuma fannin kwamfuta ya zama rukuni mai zaman kansa da ya ƙunshi digirori kamar tsaron intanet da kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja. Don haka jerin da na kwafa a bayan littafina ba zai yi wa ɗan aji ɗaya na bana aiki ba. Da ɗiyar Kawuna ta samu shiga wani sashe irin namu ta nemi in ba ta nawa, na ce mata ta karɓi littafin sashe na shekarar da ta shiga, mu zauna tare mu kwafe nata. Mun yi hakan a hutun Kirsimeti, muka zagaye kwasa-kwasan da wasu suka jingina da su, ta koma makaranta da takardar a jakarta.